Jacques Cousteau: Kwamandan da ya fasa murjani da nakiya, ya ƙare rayuwarsa yana kare shi

A shekarar 1956, a bikin finafinai na birnin Cannes da ke kudancin Faransa, wani fim da aka ɗauka a ƙarƙashin teku ya lashe babbar lambar yabo ta Palme d'Or. Sunan fim ɗin Le Monde du silence, wato duniyar da babu hayaniya. A cikinsa akwai inda ma'aikatan wani jirgin ruwa suka dasa nakiya a kan tsaunin murjani suka tayar da ita, sannan suka bi matattun kifaye suna tsincewa don su ƙirga ire-iren da ke wurin. Akwai kuma inda suka riƙa jawo kifayen shak kan jirgi suna kashewa. A wancan lokaci kusan babu wanda ya ga aibun haka, har ma fim ɗin ya ƙara da lambar Oscar a Amurka a 1957.

Mutumin da ya jagoranci wannan aiki shi ne Jacques-Yves Cousteau, hafsan sojan ruwan Faransa mai jar hula, wanda aka fi sani da Kwamanda. Shi ne kuma daga baya ya zama muryar da duniya ta fi saurare a kan kare teku. Tarihinsa tarihi ne na yadda ɗan Adam ya gano, a makare, cewa murjani mai rai ya fi matacce kawo kuɗi.

Mene ne murjani?

Bahaushe ya san murjani a wuyan amare da hannun jarirai, ya kuma san sunan a cikin Suratur Rahman, inda aka ambace shi tare da lu'ulu'u. Jan murjanin ado, na ainihi, daga teku ake ciro shi, musamman Bahar Rum. Yana da ƴan uwa a tekunan ƙasashe masu zafi waɗanda su ba a yin sarƙa da su, gini suke yi.

Murjani ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba ne. Wasu ƴan mitsi-mitsin halittu ne da ke zaune dubbai a wuri guda, kowace tana gina wa kanta gida da sinadarin farar ƙasa. Idan ta mutu, wata ta yi gini a kan kufanta. A haka, cikin dubban shekaru, ake samun tsaunuka da katangu a ƙarƙashin ruwa. Wasu nau'o'in ba sa ƙara fiye da santimita 1 ko 2 a shekara, don haka abin da nakiya ta rusa cikin daƙiƙa guda yana iya cin shekaru ɗaruruwa kafin ya dawo.

Waɗannan tsaunuka ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a jikinsu suke samun mafaka ko abinci. Nan kifaye da yawa ke zuba ƙwai, nan ƴaƴansu ke ɓuya har su girma.

Daga hatsarin mota zuwa ƙarƙashin ruwa

An haifi Cousteau ranar 11 ga Yunin 1910 a garin Saint-André-de-Cubzac, kusa da Bordeaux. Ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa a 1930, burinsa kuwa ya zama matuƙin jirgin sama. A 1936 ya yi mummunan hatsarin mota wanda ya karya masa hannuwa, burin tuƙin jirgi ya tafi ke nan.

Aka tura shi sansanin sojan ruwa na Toulon, inda ya dinga iyo a teku kullum don hannuwansa su yi ƙwari. A can ya haɗu da wani hafsa, Philippe Tailliez, wanda ya ara masa tabarau na shiga ruwa. Abin da ya gani a ƙasan ruwan shi ya sauya masa alƙibla gaba ɗaya. Ba da jimawa ba wani gwanin farautar kifi, Frédéric Dumas, ya zama na ukunsu.

Matsalar masu nutso a lokacin ita ce numfashi. Ko dai mutum ya riƙe numfashinsa na ɗan lokaci, ko a sa masa hular ƙarfe da takalman dalma, a riƙa hura masa iska ta tiyo daga kan jirgi, yana tafiya a ƙasan ruwa kamar ɗaurarren raƙumi. A 1937 Cousteau ya auri Simone Melchior, wadda mahaifinta babba ne a kamfanin iskar gas na Air Liquide. Ta wannan hanya ya san injiniya Émile Gagnan, wanda ya ƙera wani bawul don motoci su yi aiki da gas a lokacin ƙarancin mai na yaƙin duniya na biyu. Su biyun suka gyara bawul ɗin ya zama yana ba mutum iska daga tukunyar da ya goya a baya, daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kansa. A 1943 na'urar ta yi aiki. Bayan yaƙi aka shiga sayar da ita, a ƙasashen Ingilishi da sunan Aqua-Lung. Kayan nutson da ake haya wa masu yawon buɗe ido a yau jikokin wannan na'ura ne.

Calypso da kuɗin man fetur

A 1950 wani attajiri, Loel Guinness, ya sayi wani tsohon jirgin sojan Birtaniya na share nakiyoyin ruwa da ke jigilar fasinja a Malta, ya ba Cousteau hayarsa a kan faran ɗaya tak a shekara. Sunan jirgin Calypso. Tafiyarsa ta farko ta bincike zuwa Bahar Maliya ce, a ƙarshen 1951, don nazarin murjani.

Sai dai jirgi ba ya tafiya da suna, da mai yake tafiya, kuma ma'aikata na jiran albashi. Kuɗi kuwa a hannun kamfanonin man fetur suke. A 1954 Calypso ya shiga Tekun Fasha bisa kwangilar wani kamfani da BP ke da babban kaso a ciki, masu nutson Cousteau suka yi ta sauka suna ɗebo samfurin duwatsu a gaɓar Abu Dhabi. A lokacin masarautar tana cikin talauci, domin sana'ar nutson lu'ulu'u da ta dogara da ita ta durƙushe tun da Japan ta fara kiwon lu'ulu'u. A 1958 aka samu mai a filin Umm Shaif, a 1962 aka fara fitar da shi. Ke nan akwai sawun mutumin da daga baya ya zama jagoran masu kare teku a farkon arziƙin man Abu Dhabi.

Ƙauye a ƙarƙashin Bahar Maliya

A 1963 Cousteau ya kai aikinsa Sudan. A arewa da Port Sudan, birnin da har yau akwai Hausawa jikokin mahajjatan da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka, akwai wani tsaunin murjani da ake kira Sha'ab Rumi. A nan ya kafa ɗan ƙauye a ƙarƙashin ruwa. Babban gidan yana zurfin mita 10, kuma mutanensa sun zauna a ciki wata guda, suna ci suna barci suna fita aiki. Wani ƙaramin ɗaki yana zurfin kusan mita 30, inda mutum biyu suka yi mako guda. Har da garejin ajiye ƙaramin jirgin nutso mai kama da faranti.

Wani ɓangare na kuɗin aikin daga masana'antar man fetur ta Faransa ya fito, domin suna son sanin ko ma'aikaci zai iya zama a ƙasan teku yana aikin haƙa. Fim ɗin da aka yi a wurin, Le Monde sans soleil, wato duniyar da babu rana, ya kawo wa Cousteau wata lambar Oscar a 1965. Kufan garejin yana nan har yau, murjani ya tsiro a jikinsa, kuma kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 baƙi na biyan kuɗi a kai su su gani.

Juyin tunani

Abin da ya bambanta Cousteau da sauran masu bincike shi ne yana komawa wuraren da ya taɓa nutso. A Bahar Rum, inda ya fara, ya ga manyan kifayen da ya sani a samartakarsa sun yi ƙaranci, saboda kamun da ya wuce kima, da dattin birane, da gine-ginen gaɓar teku. Ya kuma san cewa na'urar da ya ƙera ta sauƙaƙa wa mafarauta da masu ɓalle murjani kaiwa inda da ba sa iya kaiwa.

A 1957 ya zama daraktan gidan adana kayan tarihin teku na Monaco, muƙamin da ya riƙe har 1988. A watan Oktoban 1960 hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ta shirya zubar da sharar nukiliya a Bahar Rum, tsakanin Nice da tsibirin Corsica. Cousteau da Yarima Rainier na Monaco suka fito suka yi adawa, jama'a suka tashi, dole gwamnati ta janye. Wannan ce nasararsa ta farko a fagen gwagwarmaya.

Daga 1968 tashar ABC ta Amurka ta fara nuna jerin shirye-shiryensa na talabijin, aka fassara su zuwa harsuna da dama. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka ga murjani a cikin ɗakunansu. A 1973 ya kafa ƙungiyarsa ta kare teku a Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 ya tattara sa hannun mutane fiye da miliyan ɗaya don hana haƙar ma'adinai a nahiyar ƙanƙara ta Antatika. Faransa da Ostareliya suka juya wa yarjejeniyar haƙar baya, sannan a 1991 aka sa hannu a kan yarjejeniyar Madrid wadda ta haramta haƙar.

Kasuwar da kyamara ta buɗe

Duk inda Calypso ya tsaya aka nuna a talabijin, sai baƙi su biyo baya da kuɗinsu. A 1971 Cousteau ya kai jirginsa wani katafaren rami da ke tsakiyar murjani a gaɓar ƙasar Beliz, a yankin Karibiyan, mai faɗin kimanin mita 300 da zurfin fiye da mita 120. Bayan fim ɗin, ramin ya zama hoton da ƙasar ke tallata kanta da shi. A Masar, tarkacen jirgin Thistlegorm da aka nutsar a 1941, wanda Cousteau ya gano a shekarun 1950, ya zama ɗaya daga cikin wuraren nutso da suka fi samun baƙi a Bahar Maliya. A kusa da shi ne Masar ta kafa gandun Ras Muhammad a 1983, kuma otel-otel ɗin Sharm el-Sheikh a kan wannan murjani suke cin abinci.

Amma kasuwar tana da ƙaiƙayi. A ƙarshen shekarun 1980 Cousteau ya yi fim a ƙaramin tsibirin Sipadan na Malesiya, mai yawan kunkurun ruwa, ya yabe shi a matsayin wurin da hannun mutum bai riga ya ɓata ba. Yabon ya jawo masa cinkoso. Masaukan baƙi suka cika tsibirin, datti ya ƙaru, murjani ya fara lalacewa. A ƙarshen 2004 gwamnati ta tashi dukkan masaukan daga tsibirin, daga baya ta ƙayyade izinin shiga, da farko mutum 120 kacal a rana. Wurin ya ci gaba da kawo kuɗi, amma sai da aka sa masa ƙofa da mai gadi.

Wannan ita ce hikimar keɓaɓɓen yanki na teku, wanda yake daidai da gandun daji irin na W, sai dai shi a ruwa yake. Ana shata iyaka, a hana kamun kifi ko a taƙaita shi, a hana nakiya da guba da jefa anka a kan murjani. Kifin da aka bari ya girma yana zuba ƙwai ninkin-ba-ninkin na ƙarami, kuma idan wurin ya cika, kifaye na malalowa waje inda masunta ke jiransu. A ƙauyen Cabo Pulmo na Meziko, a tekun da Cousteau ya yi finafinai a kansa, masunta da kansu suka nemi a keɓe murjaninsu, aka yi haka a 1995. Binciken da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa cikin shekara 10 nauyin kifin da ke wurin ya ƙaru da fiye da kashi 460 cikin 100. Iyalai da dama sun ajiye koma, sun koma kai baƙi nutso.

Abin da alƙaluma suka nuna

Cousteau ba masanin tattalin arziƙi ba ne, hoto yake nunawa. Bayan mutuwarsa ne masana suka sa wa hoton farashi. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe idon da ya dogara da murjani yana juya dala miliyar 36 a kowace shekara a duniya, adadin da ya zarce duk abin da tattalin arziƙin Nijar ke samarwa a shekara. A shekarar dai, kamfanin Deloitte ya lissafa cewa babbar katangar murjani ta Ostareliya, wadda aka keɓe tun 1975, tana kawo dalar Ostareliya miliyar 6.4 a shekara, tare da ayyukan yi 64,000.

Akwai kuma amfanin da ba a karɓar kuɗinsa a hannu. Wani nazari na 2014 ya nuna cewa katangar murjani na karya kusan kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa. Inda murjani ya mutu, sai gwamnati ta gina katangar kankare da kuɗin jama'a, ko kuma teku ya cinye gidaje.

Hatta kifin shak, wanda aka kashe a gaban kyamara a fim ɗin 1956, an yi masa lissafi. A ƙasar Palau da ke tekun Pasifik, binciken masana na Ostareliya a 2011 ya ƙiyasta cewa shak ɗaya da ke zaune a wurin da baƙi ke nutso yana jawo wa ƙasar kusan dala miliyan 1.9 a tsawon rayuwarsa. Idan aka kashe shi aka sayar, dala 108 ne.

Ƙarshen rayuwa

Rayuwar Cousteau ta gida ba ta yi kyan finafinansa ba. Ɗansa Philippe, wanda yake sa ran zai gaje shi, ya mutu a hatsarin jirgin sama a kogin Tagus kusa da Lisbon a 1979. Simone, wadda ta shafe shekaru masu yawa a kan Calypso har ma'aikata suka ɗauke ta uwa, ta rasu a 1990. A shekara mai zuwa ya auri Francine Triplet, sai ta bayyana cewa sun riga sun haifi ƴaƴa biyu tun matarsa ta fari tana raye. A 1995 ya kai babban ɗansa Jean-Michel kotu a kan wani masaukin baƙi a Fiji da aka sa wa sunan Cousteau, aka ƙare da cewa sai an rubuta cikakken sunan ɗan. Sunan da ya gina a kan murjani shi kansa ya zama hajar da ake rigima a kanta.

Masana da dama kuma sun soke shi da cewa ya fi ƙarfi a nishaɗantarwa fiye da kimiyya, kuma wasu wuraren a finafinansa shirya su aka yi. Duk da haka Faransa ta zaɓe shi cikin Académie française a 1988, kuma a taron muhalli na Rio a 1992 yana cikin waɗanda suka fi jan hankali.

A watan Janairun 1996 wani jirgin dakon kaya ya bugi Calypso a tashar Singafo, ya nutse, kafin daga baya a ciro shi. Cousteau ya mutu a Paris ranar 25 ga Yunin 1997 yana da shekara 87. Labarin da ya daɗe yana yawo cewa ya musulunta bayan wani abu da ya gani a teku, gidauniyarsa ta ƙaryata shi tun a 1991. An yi masa addu'ar jana'iza a majami'ar Notre-Dame, aka binne shi a garin haihuwarsa.

Gadon da ya bari

Shekara guda bayan mutuwarsa, a 1998, tekunan duniya suka yi zafin da ba a saba gani ba. Murjani yana rayuwa ne da wani ɗan gansakuka da ke cikin jikinsa, wanda ke ba shi abinci da launi. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, murjanin sai ya kori gansakukan, ya yi fari fat, idan abin ya daɗe ya mutu. An ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na murjanin duniya ya mutu a wannan karo. Wani rahoton 2021 ya nuna an sake rasa kashi 14 cikin 100 tsakanin 2009 da 2018. Mai gadi na iya korar mai nakiya, amma ba ya iya korar ɗumamar yanayi. Abin da keɓe yanki ke yi shi ne ya rage wa murjani sauran nauyin, don ya samu ƙarfin farfaɗowa.

Duk da haka ƙasashe na ci gaba da shata iyakokin. Sudan ta keɓe murjanin Sanganeb a 1990, ba nisa da inda Cousteau ya kafa ƙauyensa, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. A ƙarshen 2022, a Montreal, ƙasashen duniya suka amince su kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030.

Beliz ce ta fi nuna inda lissafin ya kai. A ƙarshen 2017 ta dakatar da neman man fetur a dukkan ruwanta don kare murjani. A 2021, bashi ya yi mata katutu, sai ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar The Nature Conservancy, wadda ta taimaka mata ta sake sayen bashin dala miliyan 553 a kan santi 55 ga kowace dala. Bashin ƙasar ya ragu da kimanin kashi 12 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara. Sharaɗin shi ne ta keɓe kashi 30 cikin 100 na tekunta, ta kuma riƙa zuba kuɗi a asusun kula da shi na tsawon shekara 20. Murjanin da Calypso ya nuna wa duniya a 1971 shi ne, bayan shekara 50, ya tsaya wa ƙasar a gaban masu binta bashi.